Cobra ta kwaikwayo a kan dala 46,000: tsada ce ko daidai?

Bazazzage_Houston:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarrakinku ban taɓa tankawa ba, yau kuma buƙata ta kawo ni. Ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo, don in ban zayyana komai ba shawarar da za ku ba ni ba za ta zauna daidai ba.

Shekarata goma sha ɗaya a Houston, ina aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti. Tun ina yaro a Tudun Wadar Zariya nake da ciwon mota. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Fijo 504 gare shi, ni ne mai wanke ta kullum da sassafe, har bulala na taɓa sha a kan na tayar da ita ba izini. To ciwon bai warke ba. A garin nan masu tsofaffin motoci suna da wata al'ada, safiyar Asabar su taru a filin ajiye motoci, kowa ya buɗe bonet, a sha kofi a yi ta kallo. A irin wannan taro na haɗu da wani dattijo Bature da ya haura saba'in, tsohon ma'aikacin matatar mai, da motarsa Cobra shuɗiya mai farin layi biyu tun daga hanci har baya.

Ga wanda bai san ta ba: asalinta ƙaramar motar Ingila ce mai suna AC Ace. Sai wani ɗan tseren mota mutumin nan Texas, Carroll Shelby, ya sa aka dasa mata injin Ford mai silinda takwas a 1962. Daga lokacin zuwa 1967 duka waɗanda aka ƙera kusan dubu ɗaya ne kacal. Ta farkon, mai lamba CSX2000, an yi gwanjonta a 2016 a kan dala miliyan 13.75. Kun ga kuwa ba ta asali nake magana ba, ni da nake jiran albashin mako biyu. Wannan ta kwaikwayo ce. Kamfani ke sayar maka da shasi da bodi da tarkace a cikin kwalaye, kai kuma ka haɗa a garejin gidanka.

Ta dattijon nan daga kamfanin Factory Five ta fito, samfurin Mk3. Ya ce ya sayi kayan a 2007, ya gama haɗawa a 2012, shi kaɗai, da yamma bayan ya taso aiki. Bodin na faiba ne. Injin da giyabos da ƙafar baya duk daga motar Ford Mustang ta 1990 ya ciro su: inji 302 (lambar girman injin ke nan, kusan lita biyar) da ya ce an sake masa aiki, ya cire masa na'urar feshin mai ya sa kafireto, giyabos T5 mai giya biyar. Maleji ya nuna mil 6,300. A gefen bodin an manna tambarin 427, wato na babban inji mai lita bakwai, abin da na lura bai yi daidai da injin da ke ciki ba. Ba rufi, ba na'urar sanyi, kujera biyu. Salansa kuma a waje take, kwance a gindin ƙofa hagu da dama.

Dalilin sayarwa, in ji shi, gwiwa. Ba ya iya taka kuloci, fita daga cikinta ma sai an kama shi.

Kuɗin da ya sa dala 46,000. Ya ɗauko mini wani ƙaton fayil na rasiɗai, komai a jere har da na kusoshi, jimilla dala 52,000 da 'yan kai. Ya ce ko ladan wahalarsa ta shekara biyar bai sa ba, asara ma yake yi. Gaskiya da na ga fayil ɗin sai na ji kunyar tayawa.

Tambayata: yaya ake gane kuɗin irin wannan mota? Camry ko Accord ce sai in duba littafin farashi in ga shekara da maleji, shi ke nan. Wannan ba ta cikin kowane littafi. A intanet na ga wata a 28,000, na ga wata a 90,000, a hoto kuma duk kamarsu ɗaya. Ina kuma da tunanin in na yi ritaya in tafi da ita gida. Uwargida dai ta riga ta ba da nata hukuncin: wai mai 'ya'ya huɗu ne zai sayi mota mai kujera biyu, sauran a but za a zuba su?

Oga_Ƙofar_Ruwa:

Wa alaikumus salam Yallaɓai. Ni dai ban taɓa ɗora hannu a kan Cobra ba, amma shekarata talatin ina kwance inji ina ɗaurawa, kuma mota duk mota ce.

Kafin komai, ka yafe mini, abin da ka faɗa ɗin nan a canjin yanzu ya haura naira miliyan sittin. A kan motar da mai ita da bakinsa ya ce ba ta asali ba ce. Kama da wane ai ba wane ba ne. Ga tambarin 427 a jiki ga 302 a ciki, mu nan wannan jabu muke ce masa.

Amma tunda ranka ya biya, ga abin da na sani. Motar da mutum ɗaya ya haɗa, hannun mutumin kake saye. Mu ma nan muna haɗe-haɗe, a ɗauko injin wannan a sa wa waccan, kuma na ga wadda ta fi ta kamfani lafiya, na ga wadda ba ta kai Kwanar Dawaki ba ta kama wuta. Bambancin hannu ne. Ka sa a ɗaga ta sama ka shiga ƙarƙashi da tocila. Ka dubi yadda ya bi da bututun birki da na mai, ko sun kusanci salansa, ko suna gogar ƙarfe. Ka leƙa bayan allon sitiyari ka ga wayarin. In ka ga wayoyi a ɗaure tsaf kamar kitson amarya, mutumin ya san abin da yake yi. In ka ga an murɗa an naɗe da salatif, ka yi sallama ka kama hanya.

Sannan kada ka yarda ya ɗumama ta kafin ka iso. Ka taɓa injin da hannunka ka ji shi da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Inji mai ciwo da safe yake faɗin gaskiya.

Mil dubu shida a shekaru sama da goma kuma kada ya burge ka. Motar da ke zaune ta fi motar da ke tafiya lalacewa. Robobi sun bushe, mai ya kwana a kafireto ya zama danƙo.

Bazazzage_Houston:

Oga na gode, Allah ya ƙara girma. Maganar injin sanyi ban yi tunaninta ba ko kaɗan, kuma ranar da na je gidansa na tarar da ita a waje tana ta rugugi.

Sai dai ban yarda da kalmar jabu ba. Jabu shi ne a sayar maka da agogo a ce Rolex ne alhali ba shi ba ne. Wannan ba wanda ya ɓoye komai, a takardarta ma an rubuta cewa haɗa ta aka yi. Kuma masu ta asalin tsoron fitowa da ita titi suke yi, tana kulle a ɗaki kamar zinariyar gado. Ni wadda zan hau nake so. Tambarin ne dai na yarda, in na saya zan cire shi.

Ɗan_Zango_Atlanta:

Salamu alaikum. Ƙanena Bazazzage, zauna in ba ka abin da na sani. Ni mutumin Kumasi ne, ina da shagon gyaran bodi da fenti a nan Atlanta, kuma irin waɗannan motoci sun ratsa ta hannuna ba ɗaya ba ba biyu ba.

Fayil ɗin nan da ya sa ka jin kunya, ka karanta shi da kyau, ka gode masa, amma kada ka bari ya yanka maka farashi. Rasiɗi shaida ce ta abin da ke jikin motar. Ba shaida ba ce ta abin da kasuwa za ta biya. Duk wanda ya haɗa irin wannan mota ya san ba zai fitar da kuɗinsa ba, ballantana ladan hannunsa. Daɗin haɗawar shi ne ladansa, kuma ya riga ya sha. Kai ba za ka biya shi kuɗin daɗin da ya ji ba. Kamar wanda ya gina gida a ƙauyensu ne ya kashe miliyan ɗari, ran sayarwa sai abin da mutanen ƙauyen suka taya.

Dalilin da ka ga 28,000 ka ga 90,000 kuwa, hawa-hawa ne. A sama akwai waɗanda kamfanin Shelby da kansa ya ci gaba da fitarwa daga baya, masu lambar CSX4000 da CSX6000. Akwai Kirkham ta Utah mai bodin alminiyam, wadda aka fara bugawa a Poland a wata tsohuwar masana'antar jiragen yaƙi. Waɗannan ka manta da su, kuɗin gida ne. Ƙasa da su akwai Superformance da Backdraft, waɗanda ake haɗawa a masana'anta a kawo su da fenti da kujeru da komai, inji da giyabos kaɗai za a sa. Suna riƙe daraja saboda mai saye ya san hannu ɗaya ne ya yi su duka. Sannan Factory Five, ta Wareham a jihar Massachusetts, da ta fara a 1995. Shasinta mai kyau ne, ba wanda ke musu. Amma tunda a gida ake haɗawa, guda biyu ba sa taɓa zama ɗaya, shi ya sa farashinta ya fi na kowa rawa.

A cikin Factory Five ɗin ma taka tana ɓangaren ƙasa, ga dalili. Mk3 ce, ga Mk4 ta fito tun 2010, an gyara siffar bodin, mutane sun fi nemanta. Kuma da kayan tsohuwar Mustang aka haɗa ta. Tsarin kamfanin na farko ke nan, ka sayi Mustang ta 1987 zuwa 1993 ka kwashe kayan cikinta, don abin ya zo da sauƙi. Ba laifi ba ne, amma birki da ƙafa da tanki na motar da ta haura shekara talatin ba za su yi kuɗin sababbi ba. Injin 302 na 1990 doki 225 yake bayarwa daga kamfani. A mota mai nauyin tan ɗaya da ɗan abu wannan ya isa ya tsorata ka, kada ka raina shi. Amma masu saye sun fi zuba kuɗi a kan 351 da aka faɗaɗa, ko injin Coyote na zamani, da giyabos TKO ko TKX. T5 ba ta son a matsa mata da yawa.

Ka tambaye shi wa ya yi wa injin aiki. In akwai takarda daga shagon da ya yi, da jerin abin da aka canja, wannan kuɗi ne. In "ni da abokina muka yi" ne, ka lissafa shi a matsayin tsohon inji kawai.

Fenti kuma fagena ne. Bodin faiba yana zuwa da gurbin haɗi a jiki, sai an goge an cike an daidaita ƙofofi da bonet kafin a fesa. Aikin nan in an yi shi da kyau yana cin dala dubu goma cikin sauƙi, wani lokaci fiye. Ka fito da ita rana, ka durƙusa ka kalli gefenta a kwance. In haske yana tafiya sumul, an biya gwani. In yana rawa kamar ruwan tafki, ko kana hango layin haɗin a ƙarƙashin fenti, ka cire wannan daga kuɗin. Ka dubi tazarar ƙofa da bodi, ko ɗaya ce sama da ƙasa.

Inda za ka samu farashi na gaskiya: ba wurin masu talla ba. Abin da mutum ya rubuta a Facebook buri ne. Ka shiga Bring a Trailer, gwanjon intanet ne, suna barin sakamakon cinikin da aka gama a buɗe da hotuna. Ka nemo Mk3 guda biyar ko shida masu inji 302 da T5 da aka sayar a shekara biyun nan, ka rubuta kuɗinsu a takarda. Ka tuna a can mai saye yana ƙara la'ada kashi 5 cikin ɗari. Ni a abin da idona ya gani, irin taka in tana da tsafta tsakanin dala dubu 30 da dubu 38 take faɗawa. 46 kuɗin Mk4 ne mai sababbin kaya.

Ka tafi da takardar nan wurin dattijon. Kada ka kushe masa mota, shekara biyar ɗin rayuwarsa ce. Ka yabi aikin, sannan ka ajiye masa lissafin a gabansa.

Hajiya_Inshora:

Sannunku da hira. Malam Bazazzage, maza sun yi ta inji da fenti, ni bari in yi ta takarda, don nan ne aikina. Ina harkar inshorar motoci a Dallas.

Ka karɓi takardar mallakar a hannunka ka karanta, kada a karanta maka. Sunansa ne a kai? Akwai bashin banki a kanta? Wace shekara aka rubuta? Irin waɗannan motoci wata jiha tana rubuta shekarar da aka kwaikwaya, a ce 1965, wata kuma shekarar da aka haɗa. Wannan yana shafar ko za a nemi gwajin hayaƙi, kuma yana shafar wanda zai iya saye daga hannunka gobe. Misali California mota 500 kawai take ba irin wannan sassaucin rajista a shekara. Tunda takarda ta Texas ce kai ma a Texas kake, da sauƙi, amma duk da haka ka ɗauki hoton takardar ka je ofishin harajin gundumarku ka tambaya kafin ka ba da ko sisi. Ka gwada lambar da ke takardar da wadda ke jikin shasin, harafi da harafi. Ka nemi takardar asali da kamfanin ya ba shi lokacin da ya sayi kayan, ko kwafinta.

Na taɓa ganin wani bawan Allah da ya sayi irin wannan daga wata jiha, kyakkyawa, da araha. Wata takwas tana gareji yana zarya a kan rajista, saboda lambar tsohuwar motar da aka ciri kayanta aka yi amfani da ita.

Kada ka manta da harajin sayen mota na jiha, kashi 6.25 cikin ɗari. A kan 46,000 dala 2,875 ke nan. Ka sa shi cikin lissafi tun yanzu.

Inshora kuma ba irin ta Camry za ka yi ba. Akwai tsarin da ku da kamfani za ku amince a rubuce cewa darajar motar kaza ce, in ta ƙone ko aka sace wannan adadin za a biya. Kamfanoni irin su Hagerty sun ƙware a kai. Ka kira su kafin ciniki ka faɗi abin da ke jikinta. Yawanci suna son ta riƙa kwana a gareji mai kulle, kuma ya zama kana da wata motar ta zuwa aiki. Amma ka lura, adadin da inshora ta amince da shi ba shi ne farashin kasuwa ba. In dattijon ya ce ai inshorarsa 50,000 ta rubuta, shi ya faɗa musu adadin, shi ke biyan kuɗin wata a kai.

A gaishe mini da uwargida. Ka ce ina bayanta.

Mai_Jan_Hali_Durban:

Abin dariya, kuna can Amurka kuna zancen Cobra, mu nan ake ƙera da yawa daga ciki. Superformance a Port Elizabeth ake haɗa ta, garin da yanzu ake kira Gqeberha. Backdraft kuma nan yankinmu na Durban, da ƙafafun BMW take tafiya. Ranar Lahadi sai ka ji su suna wucewa ta bakin teku.

Yaya Bazazzage, maganar kai ta gida nake so in taɓa, don na taɓa yin irin wannan mafarki. Ni abin da ya fara tare ni sitiyari, na nan a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, ba a shigo da mai sitiyarin dama. Kai ba ka da wannan matsala. Amma akwai iyakar shekaru a kan motar da ake shigowa da ita, ka ga shekarar da ke takardar ta zama magana. Kuma tun 2022 kwastan da lambar shasi suke yanka kuɗin fito, motar da aka haɗa a gareji kuwa lambarta ba irin ta Toyota ba ce da na'ura za ta gane nan take. Ka nemi ejan da ya san aikinsa ka tambaye shi.

Ko ta shiga ma, cikinta bai fi faɗin tafin hannu daga ƙasa ba. Ka tuna tudun rage gudu na unguwanninmu da ramukan damina. Ga ba rufi, ranar Afrilu a Zariya, ga ƙurar hunturu. In kuma ka tashi sayarwa wa zai taya? Ka saye ta don titin Texas, ka lissafa kuɗinta da kasuwar Texas.

Bazazzage_Houston:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga yadda aka kwana.

Na yi abin da Yaya na Atlanta ya ce, na zauna dare biyu ina rubuta sakamakon gwanjo. Abin da na samu bai yi nisa da abin da ya faɗa ba. Na kuma biya wani makanike da ya saba da tsofaffin Ford dala 250 ya raka ni ranar Asabar. Na roƙi dattijon kada ya tayar da ita, ya kuwa cika alkawari. Sai da aka yi ta murza makulli kafin ta kama, da ta kama kuma ba hayaƙi ba ƙara, ta zauna lafiya. Makaniken ya gwada matsin silinda takwas ɗin, duka sun zo kusa da juna. Ya ce injin ba shi da laifi, sai dai kafireto yana son wanki. Takardar shagon da ya yi aikin injin tana cikin fayil, shafi uku.

Oga, wayarin kitson amarya ne. Kowace waya da 'yar takardarta an rubuta inda ta nufa. Makaniken ma sai da ya girgiza kai ya ce bai cika ganin irin wannan ba.

Abin da muka samu na aibi: tayoyin suna da zane kamar sababbi, amma lambar jikinsu 3811 ce, wato mako na 38 a 2011. Duka huɗun sai an canja. Birkin baya na hagu yana tsattsafo da mai. Giya ta uku tana ɗan gurzawa in an yi saurin sakawa. Fenti kuma, da na durƙusa a rana kamar yadda aka ce, na hango layin haɗin a kan kafaɗar baya ta dama, siriri, sai ka san da shi za ka gani. Amma yanzu na sani, kuma duk sanda na kalli motar nan idona can yake zuwa.

Hajiya, takarda lafiya lau. Sunansa ne, ba bashi, 2012 aka rubuta, lamba ta yi daidai da ta shasi, ofishin haraji sun ce ba matsala. Saƙonki kuma ya isa, an ce a gaya miki ke ce 'yar'uwa ta gari.

Muka zauna a garejin, ya kawo mini shayi mai ƙanƙara, ya ɗauko kundin hotuna tun ranar da babbar mota ta sauke kwalayen. A wani hoton matarsa ce, wadda ta rasu, take riƙe masa fitila yana ƙarƙashin shasi. Wallahi da ƙyar na iya ciro takardata. Amma na ciro. Na yabi aikin, kuma ba yabon baka ba ne. Na nuna masa lissafin, na jera gyaran da makaniken ya ƙiyasta a kan dala 3,000 zuwa 4,000 in an haɗa da giyabos, na taya 33,000.

Ya yi shiru ya daɗe. Sannan ya ce ɗansa ma ya gaya masa 46 ta yi yawa, shi ne dai bai so ji ba. Ya sauko 40. Na ce 35. Ya ce 38, zai haɗa mini da rufin tamfol da bai taɓa ɗaurawa ba da akwatin kayan gyaran da suka rage. Na ce 36 ya bar ni in kwana a kai, shi ma ya ce zai kwana. A nan muka tsaya, dubu biyu ce tsakaninmu. Yaya na Atlanta, rufin nan da tarkacen sun kai a ƙara dubu biyun, ko in tsaya a inda nake? Ya ce akwai wani da zai zo kallo ranar Laraba, ban sani ba ko gaskiya ne ko irin ta 'yan kasuwa ce.

Wani abu kuma da ba wanda ya gargaɗe ni a cikinku. Da muka dawo daga gwaji na buɗe ƙofa na zuro ƙafa kamar yadda nake fita daga kowace mota, sai ƙaurina ya sauka a kan salansa. Dattijon ya ce duk mai Cobra yana da wannan tabon, ya ɗage wandonsa ya nuna mini nasa guda biyu. Na dawo gida ina ɗingishi, uwargida ta dubi ƙunar ta ɗauko man shafawa, ta ce motar da ba a saya ba ma ta fara cin nama.